Igiyar Mwatima

Kwana tara da binne Mama, Riziki ta ɗauki wuƙar gyaran kifi ta datse igiyar.

Ba da mugun nufi ta yi ba, shara take. Tun ranar da ta sauko daga daladala, motar haya, ta shigo ƙauyen Kidazini don jana'iza, igiyar nan ke tsone mata ido. Doguwa ce, ta yi baƙi ƙirin da dauɗar hannu. Ta taso daga kan gadon ƙanwarta Mwatima, ta bi jikin bango, ta ratsa madafa, ta ƙare a ƙofar gida. An ɗaɗɗaura mata tarkace kamar kayan boka: hannun fasasshen kofi, murfin kwalba, guntun silifa, tsohon cokali, har da wani awarwaron roba da ke yawo a jikinta. Riziki ta naɗe ta, ta jefa a ramin shara tare da tsohuwar tabarma, ta ƙyasta ashana.

"Ko ba komai gidan ya sha iska," ta ce, tana karkaɗe hannu.

Ranar Lahadi hutunta zai ƙare a shagon zannuwan da take aiki a birnin Unguja, kuma ta riga ta gama shawara: da Mwatima za ta tafi. Ɗakinta yana hawa na uku. In za ta fita aiki sai ta kunna mata talabijin, ta ajiye mata abinci, ta kulle ƙofa. Me ya fi wannan? Mwatima shekararta talatin da huɗu. Da aka haife ta ta daɗe ba ta yi kuka ba, ta kuma taso hannun hagu a dunƙule, ƙafafu sun karkata ciki, tana tafiya kamar mai kokawa da ƙasa. Magana ma sai ta yi dambe da harshenta kafin kalma ta fito. Irin wannan za a bari ita kaɗai a bakin teku?

Mutum ɗaya ce ta tsaya mata a wuya, Bi Pavu, aminiyar Mama, tsohuwar da ba ta iya magana a hankali ba.

"Gonar fa?" ta tambaye ta ranar sadakar bakwai.

Gonar mwani take nufi, ciyawar tekun nan da matan ƙauyen ke ɗaurawa a igiyoyi tsakanin turaku. Dokar kowa ya san ta: teku ba ta da mai ita, turke ke riƙe wuri. In bamvua ta zo, kwanakin da wata ke cika ruwa ya janye nesa har a taka ƙasan teku, aka ga turakunki babu mai kula da su har ta wuce, to wata mace tana da ikon tuge su ta kafa nata.

"A tuge," in ji Riziki. "Mama ce ke noman, Mwatima rakiya take yi."

"Rakiya! Ji 'yar birni! To ranar Alhamis bamvua za ta kama. Ki bar ta ta je, ta girbe, ta ɗaura sabo, ta dawo da ƙafarta, ba mai taɓa mata ko zare. In ta kasa, ni zan ɗora mata kaya a mota. In ta iya, ki koma kurkukunki mai hawa uku ke kaɗai."

Riziki ta amince, don ta san yadda za ta ƙare.

Washegarin ƙona igiyar, Laraba ke nan, Mwatima ta farka ta miƙa hannun dama jikin bango. Ta shafa. Ta sake shafawa.

"Dada," ta ce, haka take kiran yayarta. "I... giya."

"Na ƙone ta, datti ce. Tashi ki wanke fuska."

Mwatima ta tashi. Ta je madafa ta ɗora tukunya a wuta babu ruwa. Ta sa takalmi ƙafa ɗaya. Ta koma ta kwanta, ta sake tashi, ta sake shafa bangon. Zuwa hantsi tana tsaye tsakiyar ɗaki da kwalin maganin farfaɗiyarta a hannu, hawaye na bin kumatu.

"Kin sha ko ba ki sha ba?"

Mwatima ta ƙura wa kwalin ido.

"Mwatima, tambayarki nake! Kin sha?"

"Ban... sani ba."

Riziki ita ma ba ta lura ba. Amma can ƙasan ranta wata murya ta ce, kin gani ko? A gida ma ke nan, ina ga cikin teku.

Daidai nan Bi Pavu ta yi sallama da kwanon rogo da madarar kwakwa. Idonta ya sauka kan bangon, kan dogon farin layin da igiyar ta bari. Ta ajiye kwanon a hankali, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Riziki, ina igiyar?"

"Bi Pavu, tarkace ne fa kawai..."

"Tarkace! Innalillahi! Ke makarantar da aka kai ki, hankali suke sayarwa ko saye? Kan ƙanwarki kika jefa a wuta!"

Ta jawo Mwatima jikinta, ta duba kwalin, ta nuna gurbin ƙwayar ranar babu komai, ta ce ta sha. Sannan ta juyo.

"Kina shekara goma sha biyu aka kai ki birni wajen gwaggonki, ba ki san komai ba. A gabana likita ya faɗa wa uwarki. Ya ce abin da ya taɓa ƙafar yarinyar nan da hannunta, ya taɓa wurin da ke jera abubuwa a cikin kai. Ta san shayi, ta san magani, ta san takalmi, ta san kowa a garin nan da sunan kakarsa. Amma wanne ke bin wanne, nan ne kan ba ya riƙewa. Kuma in ta kama hanya ɗaya, ko giwa ba ta juya ta. Uwarki ta dawo ta zauna a kan dakalin nan kwana biyu ba ta ce uffan ba. Rana ta uku ta ce mini, Pavu, in kan ba zai riƙe ba, bango zai riƙe. Shekara ashirin da biyu tana ɗaure-ɗauren nan. Yarinya ta taɓa abu, ta yi aikinsa, ta tura awarwaro gaba, ta san inda ta tsaya. Ke kuma kin zo da ashana!"

Riziki ta dubi layin bangon. Ta zauna a ƙasa.

"Ban sani ba," ta ce.

"Ai ba ki tambaya ba. Tashi ki nemo igiya, ba zaman makoki na biyu za mu yi ba."

Kafin la'asar mata biyar sun cika dakalin, kowace da tarkacenta a bakin zane. Sai dai babu wadda ta san jerin daga farko zuwa ƙarshe. Mwanakombo mai suyar mandazi, fanken garin, ta rantse kofi ne farko.

"Wallahi kofi ne. Kullum da safe ina ganin hayaƙinsu."

"Ke da ba kya ganin komai sai aljihun masu saye?" in ji Bi Pavu. "Buta ce farko. Wa ke shan shayi kafin salla in ba mijinki ba?"

"A bar mijina ya huta, naki ma ai gudu ya yi ya shiga kabari don ya samu shiru!"

Aka kwashe da dariya. Riziki na ɗaurawa, ana kwancewa, ana musu. Mwatima na gefe ba wanda ya kula ta. Da aka tambaye ta me ke bin buta, ta buɗe baki ta rufe, ta sunkuyar da kai.

Can sai ta matso ta kama bakin igiyar, ta rufe ido. Yatsunta suka taɓa murfin buta, suka wuce. Suka taɓa hannun kofi, suka wuce. Suka isa kan guntun silifa sai suka tsaya cak. Ta yamutsa fuska, ta ɗaka wa hannun Riziki duka.

"A'a."

"To mene ne a nan?"

Ba ta iya faɗa ba. Bi Pavu ta ɗora mata cokali a tafi, ta ture. Ta ɗora mata murfin kwalbar magani, sai fuskarta ta washe.

"Shi."

Haka suka yi ta yi, ana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, tana turewa tana karɓa. Abin da bakinta ya kasa kawowa, yatsunta suna gane shi da sun taɓa. Sau biyu ta gyara wa Bi Pavu kanta. Kafin a kira magariba igiya ta koma bango da abubuwa goma sha tara, ba wanda ya saura a tabarma. Riziki ta gani, amma ta kawar da kai. Gida daban, teku daban.

Ranar Alhamis ruwa ya janye har ido ba ya ganin ƙarshen farin yashi. Riziki na kallo Mwatima ta bi igiyarta tiryan-tiryan, salla, shayi, magani, takalmin roba, buhu, har ƙofa. Bi Pavu ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale.

"Ni daga nan ba na gaba. Ke ce shaida, 'yar birni. Ki bi ta, amma ki sa hannunki a aljihu."

A gindin wani kututturen kwakwa akwai wata igiyar, mai kauri, wadda ta shiga teku daga turke zuwa turke. Wannan kam, wuta ba ta same ta ba. Mwatima ta kama ta. A kan yashi tafiyar nan ce ta kullum, jan ƙafa da tangaɗi, har Riziki ta kai hannu sau biyu ta janye. Amma da ruwa ya kawo gwiwa, sai wani abu ya sauya. Ruwan ya ɗauke mata nauyin jiki. Ƙafafun da ke faɗa da ƙasa suka saki, bayanta ya miƙe, ta riƙa tafiya sumul, zanenta na yawo a bayanta. Riziki ce ta koma mai tuntuɓe, tana tsalle kada ta taka bushiyar teku.

"Dada... a hankali," in ji Mwatima, tana dariya.

Igiyar ba ta miƙe ba. Ta yi wani dogon lanƙwasa ta kudu kafin ta karyo zuwa gonar, wadda ita ce ta ƙarshe, can kusa da inda raƙuman ruwa ke fashewa. Riziki ta yi tsaki. Suna yara ai kai tsaye ake zuwa nan, tafiyar minti goma. Mama da son wahala!

A gonar ma kowane layi da alamarsa. Mwatima ta kwance layin farko, ta tsinke mwanin da ya nuna ta zuba a buhu, ta ware 'yan rassa don iri. Hannun hagun nan da Riziki ta yi shekaru tana kawar da kai daga kallonsa, shi ne maƙalin: ta cusa igiya cikin dunƙulen, ya riƙe gam, dama na ɗaurawa. Layi ɗaya, biyu, biyar. Ba sauri, ba tsayawa, ba kuskure. Buhu ya cika, ta ɗaure shi a ƙugu da wata jarka da ke sa shi yawo a saman ruwa. Na biyu ma ya cika. Riziki ta manta alkawarin aljihu ta rungumi wannan.

Iskar kudu ta taso ba su lura ba. Sauran matan da gonakinsu ke kusa da tudu tuni sun fara komawa. Saura layi ɗaya, Mwatima na tsakiyar ƙulli, sai ta ɗaga kai ta dubi wani dogon turke mai jan ƙyalle. Ruwa ya taɓa bakin ƙyallen.

Ta saki ƙullin nan take.

"Gida."

"Haba, saura ɗaya fa. Ƙarasa mana."

"Ja ya jiƙe. Gida."

"Minti biyar ne kawai, Mwatima!"

Ko waiwaye ba ta yi ba, ta kama igiyar Mama. Riziki ta tsaya ta ƙarasa ƙulli uku don haushi, kuma da ta ɗago, ruwan da ke gwiwarta ya kai cinya. Ba tahowa yake daga gaba kamar yadda ta tuna ba, ta ko'ina yake ɓullowa. Ta dubi tudu, ga itatuwan kwakwa can, ga Bi Pavu kamar ɗigon tawada tana ɗaga zane. Ta dubi igiyar, ta ga ta nufi kudu, wajen zurfi, kamar mai shiga teku.

Ta cim ma ƙanwarta da gudu-gudu.

"Saki igiyar nan! Ba lokacin zagaye. Nan za mu yanke, na san hanyar, nan muke bi muna yara!"

"Igiya."

"Igiyar cikin teku za ta kai mu! Ki ji maganata sau ɗaya a rayuwarki!"

Ta juya za ta yi gaba don ta nuna mata. Sai ta ji an cafke mata wuyan hannu. Hannun hagun ne. Yadda Mwatima ta buɗe shi, Allah kaɗai ya sani, amma da ya rufe, ya rufe ke nan. Riziki ta fizga, ta murɗa, ta yi ihu. Kamar an sa mata ankwa.

"Sake ni! Za ki kashe mu!"

"Mama... ta ce... igiya."

Cikin kokawar buhun ya suɓuce mata. Ya yi gaba ta hanyar da ta so bi, yana lilo a hankali. Taku goma, goma sha biyar. Sai ya juya sau ɗaya kamar an kama shi ta ƙasa, ya yi wani irin gudu ta gefe, ya nutse. Ko kumfa bai bari ba.

Riziki ta daina motsi. Yanzu ta ga abin da ba ta gani ba ɗazu: ruwan wajen ya fi duhu, yana tafiya da kansa kamar kogi a cikin teku. Rami ne. Babu shi lokacin da suke yara.

Ta kai ɗaya hannun ta kama igiyar.

Suka nufi kudu, bayansu ga gida. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Duk jinin jikin Riziki yana ce mata ta juya. Amma a ƙarƙashin takalminta ta ji ƙasa ta sauya, ba yashi ba ce, dutse ne, wani siririn doro da bai fi faɗin tabarma ba. Ta gwada sa ƙafa gefe, ba ta taɓa komai ba. Ta janye da sauri. Igiyar na bin doron nan daidai, ko taku ɗaya ba ta kauce ba.

Mwatima na gaba, tana jan buhunta da yayarta, tana kiran abin da yatsunta suka taɓa a kowane turke.

"Kwalba... Ƙarfe... Takalmin Mama."

A wani wuri igiyar ta nutse gaba ɗaya, ruwa ya kai wa Riziki haɓa, gishiri ya cika mata baki. Ta fara salati da ƙarfi. Mwatima ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Tafiyar da ta yi jiya ita take yi yau, ita za ta yi gobe. Riziki ta tuna Mama, 'yar ƙaramar mace mai ciwon gwiwa, ta hango ta ita kaɗai a nan tana lalube da tafin ƙafa, bamvua bayan bamvua, tana neman inda 'yarta za ta taka ranar da babu ita. Ta kuma dubi ƙeyar 'yar, wadda aka ce kanta ba ya riƙe abu uku, tana ratsa teku ba ko gezau. Kuka ya ƙwace mata, ba na tsoro ba.

"Kofi," in ji Mwatima. "An kusa."

Doron ya karya arewa. Ruwa ya sauka ƙirji, ya sauka ƙugu. Da suka taka busasshen yashi, nauyin jiki ya dawo wa Mwatima, ƙafafun suka koma karkace, ta yi tangaɗi ta zauna daɓas kusa da buhunta. Sai da Bi Pavu ta yi ta murza mata yatsu kafin hannun ya saki. Ya bar shatin yatsu huɗu a fatar Riziki.

Tsohuwar na haki, idonta jawur, amma bakin bai mutu ba.

"Buhu nawa na gani? Ɗaya. Na wa? To, jama'a, ku taya ni dubawa, wace ce za a kai hawa na uku a kulle?"

Matan da suka taru suka fashe da dariya. Riziki ta waiwaya ta dubi tekun.

"Ramin nan," ta ce, "yaushe?"

"Shekara tara, tun wata babbar guguwa. Wata uku uwarki ta yi tana sauya turakun. Ta fi wata shida tana bi da yarinyar kafin ƙafarta ta karɓi sabuwar hanya." Bi Pavu ta sassauta murya. "Kada ki ɗauka an gama, Riziki. In wani abu ya sauya, ba za ta iya gyarawa da kanta ba. Ranar da igiya ta tsinke, sai an samu mai ɗaurawa. Magani ni ce, asibiti Mwanakombo, turaku duk wanda ya gani. Amma mu tsofaffi ne."

"Duk bamvua zan zo," in ji Riziki. "Ki nuna mini yadda ake duba turakun."

Ranar Lahadi da hantsi jakarta ɗaya ce a bakin ƙofa. Kafin daladala ta iso, ta tsinke maɓalli daga rigarta, ta zura masa zare, ta ɗaura a ƙarshen igiyar bango.

"Wannan ni ce. In kin zo kansa, ki je wajen Bi Pavu ta kira ni a waya. Kin gane?"

Mwatima ta rufe ido ta bi igiyar tun daga gado. Da ta iso kan maɓallin ta yamutsa fuska, ta ɗaka wa hannun yayarta duka.

"A'a."

Ta koma baya tana lalube, ta wuce silifa, ta wuce murfin magani, ta tsaya a ɗan tsakanin da ke bayan hannun kofi. Ta danna wurin da yatsa.

"Nan. Da shayi."

Riziki ta kwance, ta ɗaura a inda aka ce mata. A waje direba ya danna oda, Bi Pavu na yi masa masifa ya jira.